Shekarar da Sama ta Yage a Kwandiko

Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a kaina a cikin dangi, ina yin kamar ban ji ba. Wai an tura ni Turai karatu na kasa, aka koro ni. Wai sanyin can ne ya taɓa min kai. Kwanakin baya a wajen sunan ɗan Bilkisu, na ji wata yarinya da hular kaina ta girme ta tana nuna ni ga ƙawarta, tana cewa wannan ne kakan da ya faɗi jarrabawar jirgin sama. Ban ga laifinta ba, abin da ta taso ta tarar ke nan. Amma ku 'ya'yana ne, kuma ba na so in bar muku ƙarya a matsayin gado. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ga yadda aka yi.

Bayan yaƙin basasa, da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta shiga tura yara waje karatu kamar ana kwasar gyaɗa. Ni ɗan manomi ne a Birnin Kudu, Baba yana noma dawa da gero, Inna tana sayar da ƙuli-ƙuli daga cikin gida, amma lissafi ya karɓe ni tun ina ƙarami, sai aka sa sunana. An tura ni wata jami'a a wani gari mai hazo da ruwan sama, in koyi ilimin injin jirgi, da nufin in na dawo in yi aiki da sababbin jiragen da ƙasa ke saye. Mutanen unguwarmu sun ɗauka tuƙi nake koyo, har yara suna kirana direban sama. Ni kuwa ƙara nake nazari, ƙarar da ke fita daga bayan injin.

A ƙarƙashin ginin sashenmu akwai wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso mai kauri, in ka yi magana a ciki sai ka ji muryarka ta mutu a bakinka. A tsakiyarsa akwai bututun ƙarfe, bakinsa bai fi na kwalba faɗi ba, an jona shi da manyan tankuna na iskar da aka matse. In aka buɗe, iskar kan fito da gudun da ya wuce na sauti, kamar yadda take fita daga jirgin yaƙi. Ido ba ya ganinta, amma muna da madubai da fitila da muke ɗaukar hoton inuwarta da su. Ranar da na fara ganin hoton, karan dawa ne ya faɗo min a rai, domin iskar ta miƙe ne da gaɓoɓi a jere. Sai dai ba ta zama a miƙe. Gefenta, inda iska mai gudu ke gogar wadda ke tsaye, yakan fara ɗan karkarwa, karkarwar ta girma ta zama lanƙwasa, lanƙwasar ta naɗe ta zama 'yan ƙananan guguwa, kamar yadda bakin kogi ke murɗawa in sabon ruwa ya shigo wa kwantacce. Waɗannan guguwar su ne ke yin rurin da kuke ji in jirgi ya wuce. In gudun ya yi yawa, rurin kan zo da wata ƙara a cikinsa kamar ana keta sabon akoko, wanda duk ya taɓa jinta ba ya mantawa.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. In guguwa ta daki ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan, sai ta yi ƙara, ƙarar ta koma baya ta bugi leɓen bututun, ta tayar da sabuwar karkarwa, ita ma ta girma ta zo ta daki gaɓa. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ya zama kururuwa guda mai tsini, wadda ke iya tsaga ƙarfen wutsiyar jirgi in aka daɗe. Malamina, wani dattijo mai jan gemu da kunnensa ɗaya ya riga ya kurumce saboda ƙarar wannan ɗakin, ya ba ni aikin neman yadda za a kashe kururuwar. Na yi tunanin in aka fiƙe wa leɓen bututun 'yan haƙora ƙanana, guguwar za ta wargaje kafin ta haɗa kai. Na zauna na goga haƙoran da hannuna, na ɗaura bututun a mazauninsa, na rufe shi da ƙyalle. Hutun ƙarshen shekarar karatu ya zo, kuma an aiko min Baba ba shi da lafiya, ƙafarsa ta kumbura. Na ce wa malamina zan gwada in na dawo.

Na iso gida damina ta kankama. Baba ya ɗan samu sauƙi, sai Inna ta ce ba zai yiwu in zo ƙasar nan in koma ban je Kwandiko na gaishe da ƙaninta ba. Kawu Tanko ke nan, mai haƙar rijiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai yawan dariya, kuma duk ƙasar Gwaram in rijiya ta ci karo da dutse shi ake nema, domin ya iya fasa dutse da albarushi. A shekarar yana fama da wata rijiya a cikin garin Kwandiko, wadda ya fara tun bazara dutse ya tare shi. Kowa ya san in zai fasa yakan sa a yi shela, mata su janye yara, sannan a ji wani dum daga ƙarƙashin ƙasa. Rijiyar tana kusa da zauren wani masaƙi, Malam Jibo, wanda kullum yake shimfiɗa zarensa a gindin katangar zauren yana saƙa, yana tsokanar Kawu cewa sai ya haƙo har ƙasar Makka kafin ya ga ruwa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, ni da Kawu muna gonarsa a gabashin gari muna maimai. Kwana biyu kafin nan an sha ruwa mai yawa, don haka bai shiga rijiya ba. Na ɗaga kai in share zufa, sai na ga wani abu mai tsini, launin toka, ya gifta daga yamma, ƙasa-ƙasa har na ga inuwarsa ta bi ta kan dawa. Babu ƙara ko kaɗan. Wannan shirun shi ya tsorata ni, domin na san ma'anarsa: jirgin ya riga ƙararsa. Ban kai ga buɗe baki in ce wa Kawu ya toshe kunne ba, sai abin ya sauko mana, kamar an buga ƙofar ƙarfe a cikin ƙirjin mutum. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, jakin Kawu ya tsinke igiya. Sannan rurin ya biyo baya, da ketawar nan a cikinsa, ita dai wadda na saba ji a ɗakin soso, sai dai yau sama ce duka ake ketawa. Kawu ya durƙusa a kunya yana salati. Da ya ɗago sai ya dube ni.

"Sa'idu, irin naku ne wannan?"

Na ce irin namu ne. Ban rufe baki ba muka jiyo kukan mata daga cikin gari.

Katangar zauren Malam Jibo ce ta zo ƙasa. Tsohuwar katanga ce ta ƙasa, ta sha ruwa, kuma tana da tsaga, ban musa ba. Amma ta tsaya da tsagarta damina bayan damina, ta tsaya duk tsawon watannin da Kawu ke fasa dutse a gefenta. Ranar ce ta faɗi, a daidai wannan bugun, Malam Jibo yana zaune a gindinta. Kawu da hannunsa ya tono shi, shi ya fi kowa sanin yadda ake ɗage ƙasa daga kan mutum. An fito da shi da rai, zare a naɗe a yatsunsa, bai kai azahar ba ya cika. Kawu ne ya haƙa kabarin.

Ana zaman makoki motar 'yan sanda ta zo daga Gwaram. Suka wuce kai tsaye gidan Kawu, suka ɗauko gwangwanin albarushinsa daga rumbu, suka sa masa ankwa a gaban masu ta'aziyya. Wai fasa dutsen da ya yi ne ya kayar da katanga. Na ce musu muna tare a gona, na ce su je su leƙa rijiyar su ga ruwan sama ne kwance a cikinta. Babbansu ya ce ai ɗan 'yar'uwa ba ya shaida. Na juya ga jama'ar da ke zaune. Akwai waɗanda suka ga jirgin, na sani, domin da bakinsu suka faɗa min a wajen jana'iza. Kowa ya sunkuyar da kai. Lokacin mulkin soja ne, kuma dagaci ya riga ya zagaya ya ce duk wanda ya ambaci jirgi, kansa ya jawo wa.

Na bi su Gwaram, na yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, ina faɗa wa duk wanda ya tsaya abin da na gani. Daga nan aka ce wani yana son ganina a gidan saukar baƙi. Mutum ne mai kaki, fari, dogo, mai taushin murya. Bai faɗi sunansa ba, bai ce ga inda ya fito ba, amma shi ya san sunana, da na Baba, da garin da nake karatu. Ya sa aka kawo min lemo mai sanyi. Ya yabi ƙoƙarina, ya ce irinmu ƙasa ke jira. Sannan ya ajiye kofinsa.

"Malam Sa'idu, babu jirgin da ya tashi ran nan."

Na ce na gan shi da idona, na kuma ji shi, kuma wannan ƙarar ita ce abin da gwamnati ta tura ni in koya.

"To ka ga ke nan. Gwamnati ta tura ka ka koya, ba ta tura ka ka koya mata ba. Tsohon nan ba zai daɗe a ciki ba, za mu duba. Kai ka koma karatunka."

Har yau in na tuna yadda ya faɗi "za mu duba" ɗin nan, yana murmushi, sai raina ya ɓaci. Mutum ya mutu da zare a hannu, wani yana kwance a kan siminti saboda laifin da bai yi ba, shi kuwa damuwarsa kada a ce wani ya yi wasa da jirgi a kan ƙauye. Ba wanda ya nemi a rataye matuƙin. Yaro ne irina, wataƙila, an ba shi sabon abu mai gudu ya ga fili ya sake shi. Da sun zo sun ce kuskure ne, sun yi wa matar mamacin ta'aziyya, da mutanen Kwandiko sun ce Allah ya jiƙansa, an wuce wurin. Kalma ɗaya ta gagare su, suka gwammace su ɗora wa mai haƙar rijiya.

Na koma Birnin Kudu na tarar labari ya riga ni. Bayan la'asar aka zauna a tsakar gida. Baba yana kan tabarma ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faifai, ga kuma Yaya Isa, babban wanmu, wanda yake malamin ofis a hukumar gari. Yaya ne ya fi magana. Ya ce an riga an kira shi an yi masa kashedi. Ya ce a duk zuri'armu ba wanda ya taka inda na taka, kuma ƙannenmu mata da maza ni suke kallo. Ya ce shaidata ba za ta fitar da Kawu ba, sai dai ta shigar da ni. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce ya rayu a ƙarƙashin Bature, ya rayu a ƙarƙashin 'yan siyasa, ga shi a ƙarƙashin soja, bai taɓa ganin talaka ya ja da masu bindiga ya koma gida da rigarsa ba. Ya ce in bar wa Allah, shi zai sa malamai su yi wa Tanko addu'a. Kada ku ɗauka Baba matsoraci ne. Mutum ne da ya binne 'ya'ya, ya san abin da ake ji, ba ya so ya ƙara rasa wani ta kowace hanya.

Duk wannan Inna ba ta ce uffan ba, ita da ake magana a kan ƙaninta, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsu. Sai da Yaya ya juya ya ce ta sa baki, sannan ta ɗago.

"Ni ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba. Abu ɗaya nake tambaya. Ka gani, ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Inna."

"To."

Ta mayar da kanta kan faifai. Yaya ya tashi ya buga takalmi ya fita.

Ranar shari'a ɗakin kotu ya cika, har ta taga mutane ke leƙe. Aka shigo da Kawu, na kusa kasa gane shi, wuyansa ya zama siriri, yana tari. Alƙalin dattijo ne, ya yarda in yi magana ko da yake mai gabatar da ƙara ya ce ni dangi ne. Na yi bayani da Hausa, a hankali. Na ce jirgi ne ya wuce da gudun da ya fi na sauti, kuma irin wannan jirgin yakan ja wani bugu a bayansa kamar yadda kwale-kwale ke jan igiyar ruwa, duk inda bugun ya shafa sai ya girgiza, balle in jirgin ya yi ƙasa. Mai gabatar da ƙara ya yi dariya, ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin abin da ya riga ƙararsa isowa. Na ce duk wanda ya taɓa hango mace tana daka a ƙetaren fadama ya ga taɓarya ta sauka kafin ya ji ta, domin sauti ma tafiya yake yi, kuma abin da ke tafiya ana iya tsere masa. Sai na ce albarushi a rijiya bugu ɗaya yake yi, daga ƙasa, ya mutu. Wannan kuwa daga sama ya zo, kuma ruri ya biyo shi mai keta a ciki, wanda babu abin da ke yin sa sai iskar bayan injin jirgi in ta wargaje. Na ce shekara biyu ina sauraron wannan ƙarar, ba zan ɓata ta da wata ba.

Daga nan suka kira Ladi, matar marigayin. Sun kawo ta ne ta ce Kawu ya sha fasa dutse a jikin gidansu, ta kuwa ce haka ne. Mai gabatar da ƙara ya ce ta koma ta zauna. Ba ta koma ba. Tana cikin takaba, ta ja mayafi har goshi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Allah ya gafarta malam, na Tanko a ƙafa nake jin sa. Wannan a ka na ji shi. Kuma bayansa sama ta yage kamar zane."

Alƙali ya ce ba a tambaye ta sama ba.

Da ya zo yanke hukunci bai dubi kowa ba. Ya ce ba a kawo hujjar da ta isa a ɗaure Tanko ba, don haka an sallame shi, amma an hana shi taɓa albarushi har abada. Ya ce mutuwar Jibo ƙaddara ce, katanga ta sha ruwa. Game da abin da na faɗa kuwa, ya ce a cire shi daga shari'ar gaba ɗaya, domin kotunsa ba ta da hurumi a sama. Na tabbata ya gane gaskiya, ya yi iyakar abin da zuciyarsa ta iya ɗauka, ya tsaya a nan. Na daɗe ina jin haushinsa. Yanzu haushin nawa ya koma kan waɗanda suka sa dattijo mai furfura ya zauna a gaban jama'a yana tsoron faɗin gaskiya.

Da hutu ya ƙare na tafi Kano in karɓi tikitin komawa. Aka ce in dawo gobe. Na dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Aka karɓi fasfo ɗina wai za a sabunta, ban sake ganinsa ba. Na yi ta kwana a shagon wani ɗan garinmu a Fagge ina sintiri, har damina ta wuce, aka yi girbi. A ƙarshe wani jami'i da ya gaji da ganin fuskata ya ja ni bayan ofis, ya ce in daina wahalar da kaina, an cire sunana daga sama, kuma kada in ce shi ya faɗa min. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya tuhume ni da komai, ba inda zan kai ƙara. An dai rufe ƙofa an bar ni a waje. Malamina ya yi ƙoƙari daga can, amma ba shi da abin yi in ƙasata ta ce ba ta san da ni ba. Bututun da na rufe da ƙyalle ban san wanda ya buɗe shi ba. Bayan shekaru na ga a wata mujalla cewa masana sun tabbatar 'yan haƙora a leɓen bututu suna kashe kururuwar. Na karanta a tsaye a laburaren makarantar da nake koyarwa, na mayar da mujallar, na shiga aji na koyar da yara yadda ake auna nauyin dutse a cikin ruwa.

Yaya Isa ma bai tsira ba, an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani lungu mai nisa, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Mutane kuma suka fara tambayar me ya hana direban sama komawa. Faɗin gaskiya yana da hatsari a lokacin, sai wani a cikin gida ya ce ai karatun ne ya yi masa nauyi. Maganar ta yi daɗin faɗa, ba ta jawo wa kowa fitina, sai ta zauna. Baba bai taɓa cewa ai na gaya maka ba, har ya koma ga Allah. Amma na sha kama shi yana kallona in na dawo daga makaranta da alli a hannun riga, sai ya kawar da kai.

Kawu kuwa ya fito da tarin da bai rabu da shi ba. Rijiyar nan ba a ƙarasa ta ba, aka cike ta da shara. Rabin Kwandiko sun san gaskiya, rabi kuma suka ce in ba shi da laifi me ya sa aka hana shi albarushi. Mutumin da ake aiko wa da doki daga garuruwa ya koma yin kwadago a gonakin mutane, daga baya ya tattara ya koma Surko wajen 'yarsa, a can ya rasu. Dariyarsa ban sake jin ta yadda take ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne, bayan shari'ar jiragen sun ci gaba da wucewa, amma can sama ƙwarai, sai dai a ji ɗan gunji daga nesa. Ba su sake yin ƙasa a kan wani gari a yankin nan ba. Wato wani, a wani ofis, ya ji, ya gane, ya ba da umarni. Sun gyara tafiyarsu a kan jirgin da suka ce bai tashi ba.

An yi shekaru masu yawa, ku manyan kun riga kun shiga makaranta, wata rana da rana tsaka aka yi sallama a ƙofar gida. Wata tsohuwa ce jikarta ke jan ta da sanda. An kawo ta asibiti a nan Birnin Kudu a duba mata ido, ta ce ba za ta koma ba sai an kai ta gidan malamin nan da ya yi magana a kotu. Ladi ce. Na shimfiɗa mata tabarma a zaure, mahaifiyarku ta kawo mata fura. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta yi wa Kawu addu'a. Ta ce ita ba ta taɓa riƙe shi a zuciya ba ko na rana ɗaya. Sai ta shiga juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Malam, na tsufa, ina shirin tafiya. Na bi duk wanda ya taɓa ɓata min na yafe masa, saura mutum ɗaya. Kai ka yi karatun abin nan. Yaron da ke cikin jirgin, yaya sunansa?"

Na ce ban sani ba, Iya.

"Ko garinsu?"

Na ce ko garinsu ban sani ba. Na ce ta yafe masa haka nan, Allah ya san shi.

"Allah ya san shi," ta ce. "Amma shi ya san ni? Ya san akwai Jibo?"

Ina jin ba su taɓa faɗa masa ba. Ina jin ya sauka ran nan ya cire hularsa, ya ci abincin rana, ya yi girma a aiki, ya yi ritaya, yana nan wani wuri da jikokinsa, bai san ya bar mutum a ƙarƙashin katanga ba. Sun hana Kawu sana'arsa, sun hana ni karatuna, shi ma sun hana shi sanin abin da zai nemi gafara a kai.

Ta shanye furarta, ta goge baki da gefen mayafi, ta miƙa wa jikarta hannu. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce to, za ta riƙe yafiyar a wurinta, in na taɓa jin sunan in aika mata Kwandiko. Ta rasu a daminar da ta biyo baya. Ban aika ba, domin har yau da nake rubuta muku wannan, ba wanda ya faɗa min.